Numfashi Huɗu a Ƙarƙashin Ƙarfe

Shekara bakwai ke nan kuna faɗin cewa yayanku ne ya karya ni. Ba a gabana kuke faɗi ba, amma katangar gidan nan ta laka ce, kuma kunnena bai tsufa tare da ƙafata ba. Na ji Habibu yana gaya wa matarsa, na ji Asma'u tana gaya wa 'ya'yanta, har yaran suka tashi da sanin cewa suna da wani kawu a Abu Na'ama wanda ya ɗora wa kakansu ƙarfe a kafaɗa ya juya ya bar shi. Wannan magana ƙarya ce. Ba ku kuka ƙaga ta ba, ni na raine ta da shirun da na yi, kuma ba na son in shiga kabari tana nan tana yawo a tsakaninku. Don haka na sa aka sayo mini wannan littafi a Managil, zan rubuta abin da ya faru a shekarar nan tun daga tushe.

Sai na fara da abin da ku 'yan yanzu kuke yi wa dariya. Kakana ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa, da niyyar Makka, ya tsaya a bakin kogi a nan ƙasar Jazira don ya huta damina ɗaya, hutun da har yau muna cikinsa. Kayan da ya zo da su sun ƙare tuni, amma ɗabi'un da ya zo da su ba su ƙare ba, kuma cikinsu akwai kunyar ɗan fari. Uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, ba ya wasa da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane, ba ya neman abu a wurinsa kai tsaye. Ni ma ɗan fari ne. Har mahaifina ya rasu ban taɓa jin sunana a bakinsa ba, “wancan” nake, ko “babban yara”. Maƙwabtanmu Larabawa sukan yi mamaki, su ce wane irin uba ne ke ƙin ɗansa haka, mu kuwa mun san ba ƙi ba ne. Da aka haifi yayanku sai na ɗauki al'adar nan na riƙe fiye da yadda aka ba ni ita, ina alfahari da cewa ni ban narke na zama Balarabe ba. Uwarku ma shi ne ɗan farinta, amma ita ta yi wa kanta sassauci tun yana goye. Ni kaɗai na tsaya ƙyam.

Abu na biyu da ya kamata ku sani shi ne ƙarfe ba baƙona ba ne. Ina saurayi na yi aiki a masaƙar Hasahisa, kuma akwai nadi, wato kulob ɗin ma'aikata, inda muke taruwa da yamma muna ɗaga ƙarfe. A lokacin nakan ɗora nauyin buhun dawa a kafaɗa, in tsuguna har ƙasa, in miƙe, sau goma ba tare da na nemi ruwa ba. Da mahaifina ya rasu na dawo ƙauye na karɓi hawasha, gonar da aka yanka mana a cikin ban-ruwa, daga nan auduga da gyaɗa da alkama suka cinye ni. Na yi fiye da shekara talatin ban taɓa sandar ƙarfe ba. Sai dai zuciya ba ta lissafin shekaru, kullum a raina ni ne dai saurayin nan na Hasahisa.

A shekarar da nake ba ku labari zazzaɓi ya kwantar da ni wata biyu, aka kuma gano ina da sukari. Na tashi daga jinya cinyoyina sun zube kamar ba nawa ba. In na yi sujada ba na iya miƙewa sai na dafa bango. Aka kai mini kujerar roba masallaci, aka ajiye a ƙarshen sahu, kusa da ta wani tsoho da ya girme ni da shekara ashirin. Na tsani kujerar nan. Duk ranar da na zauna a kanta nakan ji kamar an yi mini wankan gawa an manta ba a kai ni ba. Likita ya ce magani kaɗai ba zai yi ba, sai na motsa ƙafa, ni kuwa na ce motsin da na yi a hawasha ya ishe ni har lahira.

Yayanku a lokacin yana koyar da motsa jiki a makarantar sakandare a Managil, yana kwana gida. Wata yamma ya shigo, ya durƙusa a gefen uwarku tana yanka kuɓewa, ni ina kan angareb, gadon igiyar nan da kuka sani, bai fi taku uku tsakaninmu ba. Ya dubi ƙasa ya ce:

“Inna, ki hwaɗa ma Baba, in ya yarda, cikin wata ukku shina iya barin kujerar nan. Amma sai ya bi yadda na ce.”

Uwarku ko ɗaga kai ba ta yi ba, ta ce:

“Malam, ka ji abin da anka ce.”

Na ce:

“Ki ce mai na ji.”

Haka muka yi ta yi wata uku. Mutum biyu masu harshe ɗaya, a tsakar gida ɗaya, da tafinta a tsakani. Uwarku takan ce da gwamnati na biyan tafinta irinta da tuni ta sayi babur mai ƙafa uku.

Na zaci zai kawo ƙarfe washegari. Bai kawo ba. Mako biyu cur abin da ya sa ni shi ne in zauna a bakin angareb in miƙe ba tare da na dafa komai ba, sau biyar, in huta, in sake. Raina ya ɓaci, ni da na ɗauki buhu a ce in riƙa tashi daga gado kamar mai jego. Bayan haka ya ba ni sandar gora a kafaɗa, marar nauyin komai, yana zagaya ni yana duba ƙafafuna. Sai a wata na biyu ya kawo sandar ƙarfe daga wurin wani mai walda, ita ma tsurarta. Ya zuba siminti a wani fili a tsakar gida, faɗin tabarma, ya kafa gwafa biyu masu ƙarfi da sandar za ta zauna a kai daidai kafaɗata, ya kawo ganguna biyu ya cika da yashi ya ajiye dama da hagu, don in ƙarfi ya gaza mini a ƙasa sandar ta sauka a kansu ba a kaina ba. Nauyin kuma da kansa ya yi, ya zuba siminti a gwangwanaye, ƙanana a na tumatir, manya a na man girki. Manyan ya tura su can ƙarshen rumfa ya rufe da buhu.

Dokokinsa ba su da yawa, amma kullum sai ya maimaita su, yana kallon uwarku:

“Inna, diddige shi zauna ƙasa, kada shi tashi. Gwiwa ta bi yatsun ƙahwa, kada ta lanƙwasa ciki. Ƙirji sama, baya miƙe. Shi ja numfashi shi riƙe kahin shi sauka, shi sake in ya miƙe. Nauyi kuma shuwayya shuwayya, kaɗan kaɗan, ba na Hasahisa ba.”

Sannan yakan ƙara da wadda ya fi nanatawa:

“Kan simintin nan kawai, tsakanin gangunan nan. Kuma ba shi taɓa sandar nan sai ina tsaye bayanai. Ko ina nike, a kira ni.”

In na ɗauki sandar sai ya tsaya a bayana, kusa har ina jin numfashinsa a ƙeyata, hannuwansa biyu a buɗe ƙarƙashin hammatana, ba ya taɓa ni. In na sauka ya sauka tare da ni, in na miƙe ya miƙe. Zan faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Tun da aka haife shi ban taɓa kusantarsa kamar a wannan lokaci ba, kuma na ji daɗinsa ƙwarai. Tun azahar nake ɗokin la'asar ta yi ya dawo daga makaranta. Amma ko da wasa ban bari ya gani a fuskata ba.

Wata uku bai cika ba na yi sallar Juma'a a tsaye. Na yi ruku'u, na yi sujada, na miƙe ban dafa kowa ba. Da aka sallame na ɗauki kujerar nan da hannuna na kai ta bayan masallaci na ajiye. Mutane suka yi ta yi mini barka, wani ya ce Malam ya koma saurayi. Yayanku yana sahu na uku yana ji, ni kuwa na ce musu ai jikin da ya saba da ƙarfe ba ya mantuwa. Ban ambace shi ba. Wannan yabon da na karɓe na cinye ni kaɗai, shi ne ya fara kumbura mini kai.

Ranar da abin ya faru Asabar ce, babu makaranta. Uwarku da sauran mata sun tafi suna a unguwar gabas, yara sun bi su. Gidan ya rage ni da shi. Yana bayan katanga, wajen garke, yana gyaran injin ban-ruwa, ina jin ƙarar sifanarsa a jikin ƙarfe. Hantsi ya yi, na ji jikina garau, na so in ɗaga. Na san doka, sai an kira shi. Amma wa zan aika? Tafinta ba ta nan. Kiransa yana nufin in ɗaga murya in faɗi sunan nan, ko kuwa in taka da ƙafata in je in tsaya a kansa in ce ina bukatarka. Na tsaya a bakin rumfa ina auna abin, sai na ga duka biyun sun fi ƙarfina. Daga nan wata zuciya ta ce mini, to me ma za ka yi da shi? Kai da ka san ƙarfe tun ba a haife shi ba?

Na janye buhun nan na ɗauko manyan gwangwanaye biyu na zura a sandar. Duka bai kai rabin abin da nake ɗauka a Hasahisa ba, da wannan na rarrashi kaina. Na shiga ƙarƙashi, na ɗaga ta daga gwafa, ta hau kafaɗata lafiya lau. Sai na ji simintin ya ɗauki zafin rana yana ƙona mini tafin ƙafa, ga inuwar dalbejiya can taku shida, wajen randunan ruwa. Na taka da sandar a wuyana na bar siminti, na bar ganguna, na shiga inuwa. Ni manomin Jazira ne, na fi kowa sanin baƙar ƙasarmu, in ta bushe dutse ce, in ta sha ruwa sabulu. Randunan nan suna ɗiga dare da rana, saman ƙasar ya bushe amma cikinta laka. Na san wannan sarai, ban dai tuna ba sai da na tsuguna.

Na farko na miƙe da ƙyar. Da ina da hankali da na tsaya nan. Na sake sauka, ina ƙasa sai diddigena na dama ya nutse, gwiwar ta karkata ciki, nauyin duka ya koma gefe ɗaya. Na yunƙura, babu. Ku saurara da kyau, don nan ne maganar take. Ban faɗi nan take ba. Na tsaya a tsugune ƙarƙashin ƙarfen nan tsawon numfashi huɗu, na ƙirga su a lokacin kuma ina ƙirga su har yau. Yana bayan katanga, ina jin sifanarsa. Da na kira shi a numfashi na farko, da na uku bai cika ba ya iso. Sunan ya zo har bakina. Na cije shi. A na huɗu ƙafar ta zame, na tafi ta dama, sandar ta bi ni, na ji ƙashin ƙuguna ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara.

Ƙarar faɗuwar ƙarfen ce ta kira shi, ba ni ba. Ya tsallako katanga bai bi ta ƙofa ba. Ya ɗage sandar ya yar, ya dubi manyan gwangwanayen, ya dubi sawun ƙafata daga siminti zuwa laka. Na ga ya karanta komai. Bai tambaye ni ba, sai ya ce:

“Baba, kada ka motsa. Ina nan.”

Aka kai ni asibiti aka yi aiki, aka sa mini ƙusar ƙarfe a ƙugu, ga ta nan har yanzu tana gaya mini in hadari ya taso. A rana ta biyu Habibu ya iso daga Hasahisa. Ni ina kwance ido rufe, kuna zaton barci nake. Habibu, ka tsaya a ƙofar ɗakin ka ce wa yayanka, rabi da Hausa rabi da Larabci kamar yadda kake yi in ranka ya ɓaci:

“Tsoho mai sukari za ka ɗora ma siminti ka tahi gyaran inji? Haram alek. In ya mutu kai ka kashe shi.”

Na jira in ji amsarsa. Yana da amsa, kalma biyar ta isa ta wanke shi. Amma wanke kansa yana nufin ya ce ubansa ya yi wauta a gaban ƙannensa, shi kuma ɗana ne, ya gaji kunyar nan ta ɗaya gefen. Ya ce:

“Malesh, a yi haƙuri. Ƙaddara ce.”

Ni kuwa na juya fuskata bango. Na ce wa kaina in na samu sauƙi zan gyara maganar. Da na samu sauƙi na ce ai ta wuce, tayar da ita tonon asiri ne. Gaskiyar ita ce na ji kunyar a ce Malam da girmansa ya karya kansa da ganganci, na gwammace a ɗora wa wanda na san ba zai yi musu ba. Habibu ya ɗauki sandar ya jefa a tur'a, babbar magudanar ruwa, mutanen gari suka ce ya yi daidai. Kafin shekara ta zagayo yayanku ya nemi a mai da shi Abu Na'ama, ya kwashe iyalinsa. Ranar tafiyarsa ya durƙusa ya yi mini sallama, na ce Allah ya kiyaye hanya, ina kallon tabarma. In ya zo sallah kuna gaishe shi a tsaitsaye, ku bar shi shi kaɗai a zaure da shayinsa. Ina gani, ina shiru.

Uwarku ba a yi mata wayo. Ta ga sawun ƙafa a laka tun ranar da ta dawo daga suna. Sau ɗaya ta yi mini maganar, tana shafa mini mai a ƙafa:

“Malam, yaron nan shina ɗauke da kayan da ba nashi ba. Kai ka san mai su.”

Na ce mata ta yi abin da ke gabanta. Ba ta sake ba, don ita ma ba za ta tona mijinta a gaban 'ya'ya ba. Mu uku muka riƙe magana ɗaya, kowa yana kare wani, amma mutum ɗaya ne ya biya.

Ga wani abin da ba ku sani ba. Kuna cewa Allah ne ya tashe ni bayan karayar, haka ne, amma ta hannun wa? Duk Juma'a bayan la'asar wayar uwarku takan yi ƙara. Shi ne. Takan sa a bayyane ta ajiye a kan tabarma, wai hannunta na ciwo. Sai in ji muryarsa daga Abu Na'ama:

“Inna, sau nawa ya tashi daga angareb wanga mako? In ya kai takwas ba dafawa, a ƙara biyu. Kada a wuce biyu. Ki tsaya kusa da shi.”

Ita kuma ta ce, “Malam, ka ji abin da anka ce.” Da wannan na bar keken guragu na koma sanda, da wannan nake zuwa masallaci yau da ƙafata, ko da yake kujerar roba ta dawo kuma ba za ta sake tafiya ba. Shekara bakwai bai tsallake Juma'a ɗaya ba. Mutumin da kuke cewa ya karya ni ya tafi, shi ne ya riƙa ɗaga ni daga nesa kaɗan kaɗan, yana tsaye a bayana ba ya taɓa ni.

Bana Allah ya karɓi uwarku. Kun zo, ya zo, aka yi zaman makoki kowa ya koma. Juma'ar da ta biyo bayan komawarsa, bayan la'asar, wayarta ta yi ƙara a cikin kwanon da take ajiye ta. Ina jin ya manta ne, hannu ya riga tunani. Na ɗauka. Ina jin numfashinsa kamar lokacin da yake tsayawa a ƙeyata. Babu mai cewa ka ji abin da anka ce. Can ya ce:

“Baba, sau nawa?”

Na ce goma. Ya ce madalla, a ƙara biyu. Sunan ya sake zuwa bakina, na sake cije shi, muka ajiye waya. Na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar jana'iza, don na gane tafinta ta tafi, kuma in ban koyi magana da kaina ba haka za mu ƙare.

Ban ce ku zagi al'adar kakanninku ba. Da ita aka raine ni, kuma na san mahaifina ya so ni. Amma ni na mai da ita mafaka na ɓoye girman kaina a ciki, wannan kuwa ba Sakkwato aka zo da shi ba, nawa ne. Habibu, ban riƙe ka da komai ba, abin da ka gani ka yi hukunci da shi, ni ne na ɓoye sauran. Abin da nake nema gare ka, ka ɗauki littafin nan ka shiga mota zuwa Abu Na'ama, kai da Asma'u, ku karanta shi a gabansa da gaban 'ya'yansa. Ku kuma gaya wa naku 'ya'yan cewa labarin da kuka ba su ba haka yake ba.

Shi ya koya mini cewa wanda ya daɗe bai ɗauki nauyi ba da sandar gora yake farawa. To, na fara da takarda. Jiya na rufe ɗaki na faɗi sunan a hankali sau biyar, na huta, na sake. Yau Juma'a, an yi la'asar, wayar tana nan a gefena a kan tabarma, kuma in ta yi ƙara ba zan jira numfashi na biyu ba.

Sunan ɗana Haruna. Ya ce a kira shi, ni ne ban kira ba.